Hular Modu Ba Ta Bushe Ba

Mutane na cewa ƙarar bom ce ta taɓa wa Baba kai. Wasu su ce aljanu. Ni ina wurin, kuma na gaji da gyara musu magana. Ranar da muka gudu, babu mai hankalin Baba a duk layinmu.

Wankin hula ne sana'arsa, a ƙofar gidanmu a unguwar Maisandari. Ya wanke, ya sa sitaci, ya kafa kowace a kan katako, ya jera a rana. Da safiyar ranar yayana Modu ya fito zai tafi shagon ubangidansa a Kasuwar Kwastam. Baba ya cire masa hula daga ka, ya ce ɗan mai wankin hula ba zai shiga kasuwa da wannan dauɗa ba. Modu ya yi dariya, ya ce idan ta bushe zai dawo ya ɗauka. Ya fita kai ba hula.

Da hantsi muka ji ƙara ta farko daga cikin gari. Kwanukan rufi suka amsa. Sai harbi, wannan karon a bayan layinmu. Wani ya wuce da gudu yana ihu, "Sun shigo! Ku fita!"

Baba bai ruɗe ba. Ya kashe wutar murhu. Ya ce mu bar komai. Ya riƙe hannun Inna, ya sa ni a gaba, muka bi lungu. A shingen sojoji aka daka mana tsawa, "Hannu sama!" Haka muka tafi har kafaɗuna suka mutu. Takalmina ya tsinke, na bar shi. Ana kiran azahar muka shiga gidan Gwaggo Falmata a unguwar Fezzan.

Modu bai zo ba. Baba ya bi asibiti, ya bi barikoki, ya buɗe fuskokin gawarwakin da ni ko kallon ƙafafunsu ban iya ba. Yana dawowa ya ci abinci, ya yi sallah, har ya lallashi Inna.

Da aka bari muka koma gida, hulunan na nan a jere, ƙura ta rufe su. Ta Modu ta bushe ƙayau. Baba ya taɓa ta, ya daɗe a tsaye. Sai ya ɗebo ruwa ya jiƙa ta.

Tun daga ranar bai bari ta bushe ba. Ya jiƙa da safe, ya jiƙa da rana. An yi ruƙiyya, an kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, ya sha magani ya yi ta barci, ya farka ya nemi buta. Masu kawo wanki sun daina zuwa. Sau ɗaya na ɓoye hular. Ya zauna a ƙasa, ya kasa tuna sunana. Na mayar masa.

Modu kaɗai muka yi wa zaman makoki, amma ni mutum biyu na rasa.

Yanzu zaren ya ruɓe, bakin hular ya fara zubewa. Inna ta ce a bari ta ƙare, wataƙila Baba ya farka. Ba zai farka ba, na ga abin da ya faru ranar da na ɓoye. Na sayo zare kalar nata. Ban iya ɗinkin hula ba, amma maƙwabciyarmu ta iya. Gobe zan fara zuwa wurinta.