Sarƙar da Hajiya Ta Sayo

Ɗan ƙanena yana da shekara bakwai a lokacin, kuma bai taɓa cewa ko "Inna" ba. Likita a Katsina ya ce abin sunansa otizim, mutanen garinmu kuma suka ce iskoki ne. Ni dai abin da na sani, da an bar ƙofa buɗe sai ya miƙe ya nufi ruwa. Sau biyu ana tsamo shi daga kududdufin bayan gari.

A karo na uku, karen wani maharbi daga Mabai ne ya sha gabansa, ya dinga haushi har mutane suka iso. Mun tarar da yaron riƙe da kunnen karen yana dariya. Yaron da ko uwarsa ta taɓa shi sai ya yi ƙara! Maharbin ya ce zai iya horar mana da ɗan kwikwiyo ya riƙa bin yaron, mu dai mu ɗauki nauyin ciyar da shi har ya koya.

Ƙanena ba shi da hali, damina ba ta yi masa kyau ba. Sai na ɗaura mayafi na shiga gida-gida neman karo-karo. Matan nan da suka yi rububin haɗa kuɗin baƙar akuya lokacin da wani mai magani ya ce a yanka wa iskokin, su ne yanzu ke tofar da yawu da na ambaci kare. Tir! Duk da haka na nace, har na je wajen dangi a Mairuwa, aka samu abin da aka samu.

Wautar da na yi ita ce bin al'ada. A unguwarmu duk abin da mata suka tara, hannun Hajiya uwar adashe ake damƙa shi, ita ke sayayya. Na kai mata, ta karɓa tana murmushi.

Bayan ta ci kasuwar Ƙanƙara sai ga ta da baƙar leda. Ta zazzage a tsakar gida: sarƙa da kwaɗo.

Na ce, "Hajiya, mi ke nan?"

Ta ce, "Maganin yawo ke nan, ɗiyata. Mala'iku ba su shiga gidan da ke da kare. Na tsare maku addininku."

Na ce, "To Hajiya, gidan da aka ɗaure yaro suke shiga?"

Matan da ke wurin suka yi caa, wai na yi wa babba rashin kunya. Wallahi na gane sarƙar. Irinta ce sak maharbin ke ɗaure karnukansa da ita.

Na yi rantsuwa sarƙar nan ba za ta taɓa ƙafar yaron ba. Amma kaka ta zo, kowa ya tafi yankan dawa, aka bar uwar ita kaɗai da goyo da tukunya a kan wuta. Ranar da na dawo daga gona, tun daga zaure na ji ƙarar ƙarfe. Yaron na zaune gindin turken akuya, an ɗaure shi da sarƙar, yana jan ƙafa wajen ƙofa. Uwar ba ta ɗago kai ba.