Musu da Babba

Na daɗe ina koyar da filo a ajin ƙarshe na wata lise, wato babbar sakandare, a Gaya, kuma duk wanda ya zauna a ajina ya san ba ni da haƙuri da hadda. Filo darasi ne da ake ba ɗalibi wata magana, yawanci ta wani masani da ya daɗe a ƙasa, a ce ya auna ta a rubuce: ya faɗi inda take da gaskiya, ya nuna inda ta gaza, sannan ya kawo nasa ra'ayin da hujja. Yaranmu sun iya kashi na farko. A na biyun ne ake yin ta.

A wata shekara na samu wata yarinya da ke maimaita ajin, don ta faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, a shekarar da ta gabata, kuma filo ne ya kayar da ita. Mahaifinta mai manyan motoci ne da ke ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Yamai. Burinta ɗaya, ta shiga makarantar ungozoma a Yamai, kuma ba a shiga sai da bak. Uban ya ba ta shekara guda. In ta ci ta tafi, in ta sake faɗuwa ta ƙetare gada ta zauna a rumfar atamfar gwaggonta a kasuwar Malanbil. Ita da kanta ta gaya mini haka, ba tare da ta ɗago kai ba.

Rubutunta gwanin kyau, ga tsabta, ga tsawo. Sai dai daga farkon takarda har ƙarshe yabo ne. Masani ya ce kaza, lalle ya yi gaskiya, ga wani masanin ma ya goyi bayansa, shi ke nan. Na yi ta zana mata jan biro har na gaji, ba ta taɓa kai rabin maki ba. Ran nan na tsayar da ita bayan an tashi, na tambaye ta ko ba ta jin Faransancin ne.

Ta ce, “Ina ji, Madam. Amma wanda ya hwaɗi maganar ga ya girmi kakana, kuma littattahai ya rubuta. Ni wa ce da zan ce ya yi kure? Ai rashin kunya ne.”

Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa har alli ya karye a hannuna. Ita kuwa duk abin da na ce sai ta ce “To, Madam”, wanda shi ne ya ƙara tunzura ni. Na san inda abin ya samo asali, don ni ma a irin gidan na tashi. Babba in ya yi magana, naka “to” ne, ko da ya ce rana daga yamma take fitowa. Tarbiyya ce mai kyau, ba na kushe ta, amma mai gyaran jarrabawa bai san da ita ba.

Wata Asabar na hau kabu-kabu na ƙetare zuwa Malanbil neman zanen suna. Ina ratsa layin masu atamfa sai na hango ta a rumfar gwaggonta, ita kaɗai, gwaggon ta tafi salla. Kafin in ƙarasa wani dattijo dillali ya riga ni, yana ɗauke da turame a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi kujera da ruwa. Ya baje kayansa yana rantsuwa cewa wannan atamfa ba ta zuba, ko shekara za a yi ana wanke ta.

Ta ce, “Haka ne, Baba, zanen ya yi kyau, kuma irin shi mata ka so bana.”

Sannan ta jiƙa gefen turmin da ragowar ruwan kofi, ta murza shi a kan wani farin ƙyalle. Ƙyallen ya yi shuɗi. Ta miƙa masa da hannu biyu.

“Sai dai ga abin da na gani, Baba. Wataƙila can inda ka saro ne anka haɗa maka da wata.”

Dattijon ya duba, ya yi dariya, ya ce gwaggonta ta yi sa'ar ɗiya. Ya naɗe kayansa, suka rabu da addu'a. Babu wanda ya ji an ci masa fuska. Ni kuwa ina tsaye a rana, har na manta da zanen da ya kawo ni.

Ranar Litinin na gaya mata cewa abin da nake nema tun farkon shekara na gan shi a rumfa. Ta ce ai wancan ciniki ne. Na ce wannan ma ciniki ne, an kawo miki magana an ce ki saya. Ki gaishe da mai ita, ki yabi abin yabo, sannan ki jiƙa gefenta ki gani.

Ba a rana ɗaya abin ya zauna ba. Da farko ma wuce gona da iri ta yi, ta koma kushe kowace magana ba hujja, sai da na ja mata birki. Da na ba 'yan ajin batun ko aiki yana 'yanta mutum, na hana su buɗe littafi, na ce su je su tambayi masu aikin. Ita ta tambayi direbobin mahaifinta. Ɗaya ya ce mata tun da ya kama tuƙi bai sake roƙon yayansa komai ba. Wani ya ce in ya kwana biyu a bakin gada yana jiran takardun duwan, wato kwastan, ba shi da bambanci da ɗan kaso. Ta rubuta duka biyun, ta auna su. Sauran aikina ya koma yanke mata dogayen jimloli. Nakan sa ta ajiye biro ta faɗa mini abin da take nufi da Hausa, yadda gwaggonta za ta gane. In ta kasa, to ita ma ba ta gane ba tukuna.

Da damina sakamako ya fito, ta ci. Na yi murna ƙwarai, har na shirya da la'asar na je gidansu barka. Na tarar da mahaifinta a tsakar gida bisa tabarma, ita tana durƙushe a gefe. Bayan gaisuwa ya gode mini, sannan ya gyara murya. Ya ce ciwon gwiwa ya kama 'yar'uwarsa, ba ta iya wuni a kasuwa, rumfar kuma ta gado ce, ba a barin ta ta mutu. Yarinya ta samu takardarta, an gode Allah, sai ta adana ta ta je ta kama wa gwaggonta.

Na ji zuciyata ta taso. Ina haɗa maganar da zan faɗa, wadda na san ba za ta yi daɗi ba, sai na ji muryarta.

“Baba, gaskiya ka hwaɗi. Gwaggo ta gaji, kuma rumhwar ga ita ta ciyar da mu tun kahin motoci. Sai dai na tambayi Gwaggo da kaina. Ta ce matar Yaya ta iya kasuwar, ita ka zama duk ranar da nike makaranta, kuma tana so. Sannan Baba, kai ka ce in na ci in tahi. Gaban direbobinka ka hwaɗe ta. Ban taɓa jin ka yi magana ka sake ta ba.”

Muryarta ba ta tashi ba, idonta na ƙasa. Uwarta da ke tankaɗe a bakin madafa ta tsaya. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kallon tabarma. Can ya ce ta fara shiri, zai sa a kai ta Yamai idan an buɗe makarantu. Ya jawo takalmansa ya fita masallaci, bai dube ni ba, bai dube ta ba.

Ta rako ni. Muna karya kwanar gidan sai ta tsaya ta jingina da katanga, kuka ya ƙwace mata.

“Madam, na yi daidai?”

Na ce ta yi daidai, babu ta inda ta kauce.

“To mi ya sa nike ji kamar na mari Baba? Ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai ba sai yau.”

Na ji tausayinsu su biyun. Na riƙe hannunta har ta yi shiru, ta share fuska da gefen hijabi, ta ce bari ta koma ta ajiye masa ruwa kafin ya dawo.