Ƙugin da ya shiga rediyon Malam Bunu

Malam Bunu yana da shekara sittin da ɗaya, tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kuma a bana, 1976, shi kaɗai ne a Magariya yake da rediyon da ake magana a ciki a amsa. Wani Bature da suka yi aiki tare ya bar masa ita da zai koma gida. Tana ajiye a zaure, ƙaramin injin wuta na ba ta ƙarfi. Waya ɗaya ta hau bishiya, ɗaya ta fita ta taga zuwa ƙasa.

Kowace Lahadi da hantsi yakan kira Arlit, inda 'yarsa Hinda take aure, don maƙwabcin mijinta yana da irin rediyon. Hinda tana da tsohon ciki, na fari, ana jiran haihuwa yau ko gobe.

Sai ƙugi ya shiga rediyon. Ya zo ya rufe murya ruf, ya ɗauke, ya dawo. Malam Bunu ya kwance injin wuta ya mayar. Ya hau bishiya da tsufansa ya duba waya. Daga nan ya nufi wurin Manzo mai injin niƙa, maƙwabcinsa.

"Kashe wannan tsiyar taka, ita ke hana ni jin 'yata!"

"Haba Baba, injina gero yake ci, ina ruwansa da Arlit?"

Manzo ya kashe dai. Mata suka tsaya da ƙoransu suna ta tsaki, ƙugi kuwa yana nan daram.

Ran Lahadi ya tsinci muryar surukinsa: "Baba, Hinda ta..." sai ƙugi ya hadiye sauran. Malam Bunu ya miƙe zumbur. Ta me? Ya leƙa taga don kiran matarsa Tabawa, sai ya ga ragon layyar da ta sayo yana ja da baya, igiya ta miƙe. Ƙugi ya ƙaru. Ragon ya matso, ƙugi ya lafa. Igiyar kuwa a ɗaure take jikin ƙarfen da Malam Bunu ya kafa don wayar ƙasa, ragon ya girgiza shi har ƙullin wayar ya saki.

"Tabawa! Wa ya ce miki turke ne?"

"To mene ne, Malam? Ƙarfe a kafe a tsakar gida ba ya aikin komai, ni kuma ga rago."

"Riƙe shi! Rungume shi!"

Tabawa ta rungumi rago tana dariya har da hawaye, shi kuma ya murɗe wayar da filaya, ya koma zaure da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Murya ta fito tar. Hinda ta sauka lafiya, mace aka samu. Aka kawo jaririyar bakin rediyo, ta tsala kuka.

"Ji murya!" in ji Malam Bunu. "Manzo! Zo ka ji abin da ya fi injinka ƙara!"

Manzo ya shigo fari fat da gari, mata na biye da shi suna guɗa. Ragon ya ƙwace ya bi ta tsakaninsu.

Jiya da safe Malam Bunu ya je tasha, ya kama wa Tabawa wuri a motar Damagaram, inda za ta sami ta arewa zuwa Arlit wurin Hinda.