Taliyar Murji a Lungun Al-Oud

Yayana Laouali shekararsa ashirin da biyu a Riyad, yana tuƙa motar kayan gwari daga kasuwar Aziziya zuwa shaguna. Mutum ne da sai ka yi masa magana goma kafin ya ba ka ɗaya. Amma ka kuskura ka ambaci taliya, to ka nemi wurin zama, don ranar ba za ka je aiki ba.

Innarmu taliyar murji take sayarwa a Maraɗi. Da yatsu take murza kwaɓin fulawa, sili-sili, ta shanya a faifai, da safe ta dafa ta zuba man gyaɗa da yaji. Shekara uku ke nan da rasuwarta. Yaya bai samu jana'iza ba, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, tana hannun kafil, ubangidansa, ana sabuntawa. Abin da ya fi cin sa shi ne 'yarsa Marwa, mai shekara goma sha ɗaya. A nan aka haife ta, ba ta taɓa ganin Inna ba, Hausar ma sai an lallaɓa take fita daga bakinta.

Wata Alhamis ya kira ni: «Moussa, na samo mai taliya irin ta Inna! Wata tsohuwa ce 'yar Tasawa a unguwar Al-Oud. Gobe da safe ka shirya.»

Kai, wurin nan ko mai neman ɓatacciyar akuya ba zai gano shi ba. Bayan shagon masu faci, ka bi wani lungu, ka tura ƙofar ƙarfe marar allo. Tebur biyu ne da tabarma. Muka shiga, ni da shi da matarsa Rahina da Marwa. A mota ya riga ya ce mini: «In yarinyar nan ta ci taliyar nan ta ji daɗinta, ai ta san Inna ko kaɗan ne.»

Mai wurin, Baba Delou, ta kawo faranti yana tururi. Wallahi ƙamshin man gyaɗan nan sak irin na Inna. Yaya bai ko kai loma ba, 'yarsa kawai yake kallo.

Marwa ta leƙa farantinta, ta waiga, ta tambaya da Larabci ina sukari. Ita a saninta, siririyar taliyar safe sha'ariyya ce, irin ta gidajen ƙawayenta, da sukari da ƙwai a sama. Kafin Rahina ta ce kul, ta jawo gwangwanin sukarin shayi ta zazzaga a kan yajin. Ta kai baki, ta yamutsa fuska, ta ture farantin.

Haba! Ni dai raina ya ɓaci, har na buɗe baki. Yaya ya dafa mini gwiwa. Ya sunkuyar da kai yana juya cokali, ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Baba Delou ta yi dariya. «Ku ƙyale mini jikata. Ke Balarabiyar gidanmu, taso ki taya ni aiki, tunda abincina bai yi miki ba.»

Ta gutsuro kwaɓi ta ɗora mata a hannu, ta nuna mata yadda ake murzawa tsakanin babban yatsa da manuni. Na farko ya fito kamar tsutsa, na biyu ya tsinke. Marwa ta ciji leɓe ta ci gaba, har ta tara 'yan silalla a gefen faifai. Can ta ɗago ta dubi ubanta, ta ce da Hausarta mai tuntuɓe: «Abba, haka kaka take yi?»

Yaya ya dubi silallan. «Haka take yi,» ya ce. «Ita ma tana cizon leɓe.»

Da za mu tafi Baba Delou ta ce a kawo silallan Marwa ta jefa su a tukunya. Yaya ya ce a'a. Ya ciro hankicinsa, ya tsince su ɗaya-ɗaya, ya ƙulle.

Marwa har yau sha'ariyyarta da sukari take ci. Ƙullin kuwa yana gaban motarsa, kusa da sitiyari, ranar Riyad ta busar da shi ƙarau. Jiya na ce masa, «Yaya, sai yaushe za a dafa?» Ya ce mini in sauke kwalin tumatir in daina surutu.