Haƙora Huɗu a Bakin Turmi

Duk wanda ya san garin Dareta ya san Inna Sahura, kuma mafi yawa faɗanta suka fara sani kafin tuwonta. Mace ce siririya mai kaushin hannu. Ba ta kai hamsin ba, amma in ka ga yadda take dafa gwiwa kafin ta miƙe daga gindin murhu, sai ka ƙara mata goma. Shekara talatin ke nan tana girki a gida ɗaya, a madafi ɗaya, tun ranar da aka kawo ta ɗakin marigayi Jibo.

Dokokinta kuwa, kai! Takalmin da ya taka wurin haƙar zinari ba ya ƙetare zaurenta. Ba a sa hannu a akushi sai an wanke shi da sabulu, ko da ruwan randa ya yi sanyin da zai ƙage yatsu. Ba ta aron turmi, ba ta ba da aro. Matan unguwa suna kiran ta Likita a bayan idonta, ta kuma sani, ba ta damu ba.

Ba haka kawai ta zama haka ba. A shekarar 2010, lokacin da zinari ya rikita garin, maza suka riƙa shigo da dutse cikin buhuna, mata suna dakawa a tsakar gida, a turmin da ake daka hatsi. Wa ya san akwai gubar dalma a ciki? Sahura ta daka da hannunta, tana murna za a sayi kwanon rufi. Cikin wata ɗaya ta rasa Baraka mai shekara huɗu, ta rasa Ikrima da ko yaye shi ba a yi ba. Babban ɗanta Atiku kaɗai ya rage, yana ɗan shekara goma sha biyu. Daga baya ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar gidaje, suka zuba sabuwa, suka kwashe duk abin da aka daka dutse a ciki zuwa wani rami a bayan gari. Da suka zo gidan Jibo, Sahura ta ce nata turmin an riga an tafi da shi.

Ƙarya ta yi. Ta naɗe shi cikin buhu ta tura ƙuryar tsohon rumbu, ta jibga yagaggun tabarmi a kai. Ba don turmin uwarta ne da aka kawo ta da shi ba. A jikinsa Ikrima ya koyi tsayuwa, kuma da haƙora suka fara yi masa ƙaiƙayi, bakin turmin yake gwaguya. Sawun haƙoransa huɗu suna nan a jikin icen, biyu sama biyu ƙasa. Ba ta da hotonsa, ba ta san inda kabarinsa yake ba, tun da mata ba su raka gawa. Wannan sawun shi ne duk abin da yaron ya bar mata. Ta kuma san sarai cewa gwaguyar ce ta kashe shi. Shekara goma sha huɗu ba ta faɗa wa kowa ba, har Jibo ya rasu bai sani ba.

Ɗarin bana ya zo da ƙarfi. Ice ya yi wuya, don daji ba ya shiguwa yadda aka saba, sai karan dawa, shi kuwa kara ba ya riƙe wuta, yana kamawa ya cinye. Kullum tun kiran salla Sahura ke fitowa, ta naɗe kai da kunnuwa da tsohon zane, ta tsuguna tana hura wuta har idanunta su yi ja. Ta ɗora ruwan alwala, ta ɗumama tuwon jiya da sauran miyar kuka, ta dama kunun tsamiya da citta da masoro mai yawa don ya kori sanyi daga ƙirji. Kafin a gama wanke ƙoƙuna, lokacin surfen dare ya yi. A ɗari ciki ba ya jin magana, wanda ke cin malmala ɗaya da bazara sai ya ci biyu ya leƙa tukunya. Ta gaji, wallahi ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa wani ya karɓe ta ba.

Alhali akwai mai karɓar. Atiku ya auro Mardiyya daga Gummi, ɗiyar masunta, yarinya mai hannu da son aiki, har sun haifi Rufaida mai shekara ɗaya da rabi. Sai dai Sahura ba ta sakar mata madafi ba. Ta bar ta da shara da wanke-wanke da jajjagen barkono. Mardiyya ta ji labarin guba kamar yadda kowa ya ji, sama-sama, don a gidan ba a zancen. Ita dai abin da ta sani, surukarta mai tsanani ce, kuma tana ɗokin ranar da za ta nuna mata cewa a Gummi ma ana tuƙa tuwo.

Ranar ta zo. Da farko turmin gidan ne ya tsage, sanyi da bushewa suka raba shi tun daga baki har gindi. Atiku ya ce sai ranar kasuwar Anka zai sayo wani. Kwana ɗaya da haka masassara ta kayar da Sahura, da tari mai tsaga ƙirji. Ta kwanta a ɗaki, bargo biyu a kanta, haƙoranta na haɗuwa.

Mardiyya ta ɗaura ɗamara. Ta san Inna ba ta aro, don haka ko tunanin shiga maƙwabta ba ta yi ba. Ta leƙa tsohon rumbu neman abin hura wuta, ta jawo yagaggun tabarmi, sai ga turmi a naɗe cikin buhu, baƙi, mai nauyi, lafiyayye ba tsaga ko ɗaya. Ta yi hamdala. Ta ɗauraye shi da ruwa, ta kife ya sha iska, ta zuba gero.

Sahura ta ji dakan daga kan gado. Ta san muryar turmin nan kamar yadda ta san tarin mijinta, wani ƙara mai zurfi da ke amsawa a ƙasa. Amma zazzaɓi ya rufe mata kai, sai ta ɗauka mafarki take yi, ga ta amarya, ga Baraka na wasa da faifai, ga Ikrima ya kama bakin turmi yana lilo. Har daɗi ta ji. Aka kawo mata kunu mai zafi ta sha, ta ce, "Allah shi yi miki albarka, 'yar Gummi, kin iya." Mardiyya ta fita tana murmushi har kunne, don wannan ne yabo na farko da ta taɓa samu a gidan.

A safiya ta uku zazzaɓin ya sauka. Sahura ta buɗe ido, kanta garau, ta ga rufin ɗaki, ta ji zakara. Dakan bai tsaya ba.

Ba ta san lokacin da ta diro daga gado ba, ba ɗankwali, ba takalmi. A tsakar gida ga Mardiyya da taɓarya. Ga Rufaida zaune kusa da murhu cikin rigar sanyi da hula, ta riƙe ƙoƙon kunu da hannu biyu, duk haɓarta ta ɓaci. Sahura ta kai hannu ta doke ƙoƙon ya yi tsalle. Yarinyar ta tsandara ihu.

"Inna! Lafiya?"

"Ina kika ɗauko wanga turmi?"

"Cikin rumbu na gan shi, Inna. Na wanke shi tas, wallahi na wanke."

"Kwana nawa?"

"Yau uku."

"Ita ma ta sha?"

"Kowa ya sha. Ita ta fi kowa, har sau uku take sha a yini." Mardiyya ta dubi 'yarta. "Inna, mi na yi?"

Sahura ta nemi faɗan da ta saba, ta rasa. Wa za ta yi wa? Ta zauna daɓas a ƙasa mai sanyi.

Ihun yarinyar ya shigo da Atiku daga zaure. Ya dubi matarsa, ya dubi uwarsa, sannan ya dubi turmin. Ya daɗe yana kallon bakinsa. Shi ne mai goyon Ikrima a da, ya san sawun nan.

"Inna," ya ce a hankali, "ba shi ne kika ce an kai rami ba?"

Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta ma cika haɗa ido da shi ba. Ranar ta dube shi.

"Ni na ɓoye shi. Yarinyar ga ba ta da laihi ko kaɗan. Ɗauki ɗiyarka ku tahi Anka a duba jininta, yanzu-yanzu. Ku duka a duba ku."

Sai a lokacin Mardiyya ta gane. Ta saki taɓarya, ta suri 'yarta, tana goge mata baki da gefen zane, tana gogewa tana salati, kamar gogewar za ta fito da abin da ya riga ya shige ciki. Atiku ya ɗauko gatari ya ce bari ya faskara tsinannen abu a ƙone shi, ga shi dama ana neman ice.

"Ajiye," in ji Sahura. "Hayaƙin wa za shi shaƙa? Tokar ina za ta? Ku dai tahi."

Suka hau babur cikin sanyin safiya, Rufaida a ƙunshe tsakaninsu. Gida ya yi tsit. Sahura ta tashi, jiri na ɗibar ta, ta fara aiki, don aikin ne kaɗai ta iya. Ta juye garin kwana uku cikin buhu, da gasarar da aka jiƙa, da sauran tuwo, ta ƙulle don kada kaji ko akuya su taɓa. Ta haɗa da taɓarya da faifai da rariya. Ta dirje tukwane har fatar yatsunta ta tsage. Hatsi ke nan na kusan mako a irin wannan shekara, ta dube shi, ba ta ji komai ba. Lissafinta ɗaya ne, ƙoƙo uku a yini, kwana uku. Ta tuna yadda Ikrima ya fara, da amai, sannan sanƙarewa. Kowane babur ya wuce sai ta ɗaga kai.

Duk da haka dole a ci abinci. Ta ɗebo shinkafar da iyayen Mardiyya suka aiko daga fadama, wadda ba ta bukatar turmi, ta dafa da wake da busasshen kifi, tana tura kara ɗaya bayan ɗaya.

Bayan la'asar suka dawo. Atiku ya tsaya daga bakin madafi ya ba ta labari a gajarce. An samu gubar a jinin Rufaida. Bai kai na kwantarwa ba, sun ce an yi sa'a da abin ya tsaya a kwana uku, amma a mayar da ita bayan wata ɗaya a sake dubawa. Sahura ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa, sannan ta rufe fuska da zane. Mardiyya ta wuce ɗaki da 'yarta. Shinkafar ma sai da ta tambayi mijinta a wace tukunya aka dafa kafin ta ci.

Washegari da hantsi Sahura ta naɗe turmin cikin buhunsa ta ɗora a ka. Atiku ya ce ta kawo ya ɗauka, ba ta warke ba. Ta ƙi. Ya bi ta a baya da diga da ƙullin garin. Mata na leƙe ta kan darni, Likita ce yau da kaya a ka. A gefen tsohon ramin bayan gari Atiku ya sha fama da busasshiyar ƙasa har ya yi rami mai zurfi. Sahura ta sauke, ta buɗe bakin buhun, ta sa babban yatsa ta bi sawun nan ɗaya bayan ɗaya, biyu sama biyu ƙasa. Ta tura turmin cikin ramin da kanta, ta zuba ƙasar farko da hannunta.

"Ban raka shi ba wancan karon," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Yau na raka shi."

Atiku ya juya baya yana share ido da hannun riga. Suka komo, ita a gaba, tana tari, tana tunanin ko karan da ya rage zai kai tuwon dare.

A bakin zaure suka tarar da Mardiyya tsaye, buta a hannu ɗaya, sabulu a ɗaya. Rufaida ta hango kakarta ta taho da gudu tana miƙa hannu, uwar ta tare ta da ƙafa.

"Inna," in ji Mardiyya, idonta a ƙasa, "a tuɓe takalmi nan. A wanke hannu kahin a taɓa ta."

Sahura ta dube ta. Sannan ta dafa bango ta zare takalman, ta tsuguna, ta miƙa hannuwanta biyu. Ruwan da sanyi kamar ya yanke yatsu, ta bari aka zuba har butar ta ƙare.