Lakar Mahaɗa da Ɗakin Yaya Garba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Garba, masunci a ƙauyenmu da ke bakin gulbi a ƙasar Bukkuyum, kuma har yau in na bi ta mahaɗa sai na ji zama ya gagare ni.

Mahaɗa ita ce inda ƙoramarmu ke shiga gulbi. Ruwan wurin ya fi na sama da na ƙasa gurɓata, jawur kamar kunun kanwa. Yaya Garba, wanda ko ajin farko bai taka ba, shi ya fayyace mini dalili. Ƙorama na zuwa da gudu ɗauke da ƙasar gonaki, gulbi ya tokare ta, ƙarfinta ya karye. Yashi ya zube nan take, laka mai laushi kuwa ta tsaya tana juyi, ba ta wuce ba, ba ta kwanta ba, sai rani ya zo. Da na zama malamin makaranta na karanta cewa haka ake yi inda kogi ke shiga teku, ruwan gishiri na tare na daɗi. Da na gaya masa, cewa ya yi ashe boko ma bayansa take bi.

Wannan laka ita ce alfaharinsa. In ruwa ya janye, yakan ɗebo ta a jaki ya yi daɓe, ya fito sumul ba tsaga. A shekararsa ta ƙarshe ya daɓe ɗakinsa da ita, ya danna tafin hannunsa a bakin ƙofa. A lokacin an riga an fara wankin dutsen zinariya a saman ƙoramar, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Bai ga abin da ya biyo baya ba. Ciwon dalma, gubar da ke cikin dutsen zinariyar, ya bayyana a ƙasar Anka da tamu, yara suna jijjiga suna mutuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Da ma'aikata suka zo suna kankare ƙasar gidaje don kwashe gubar, Inna, mahaifiyarmu, ta garƙame ɗakin Garba da kwaɗo.

"Ɗakin ga hannun Garba na," ta ce. "Ba mai taɓa min shi."

Ban hana ta ba, don ni ma ba na so a taɓa shi. Ga shi ni na fi kowa sanin inda abin da ƙorama ta kwaso yake kwanciya. Nakan tambayi kaina, da yana raye me zai ce, in ya ji lakar da yake yabo tana iya zama guba? Nakan yi fushi da shi, sai kuma kunya ta kama ni, domin shi bai sani ba, ni kuwa na sani.

Bana Inna ta buɗe ɗakin ta koma ciki da zama, 'yata Hauwa mai shekara biyu ta zama jelarta. Ban taɓa sa an gwada daɓen ba, ban san ko akwai dalma a ciki ba, kuma rashin sanin ya fi komai cina. Na yi wa Inna magana har bakina ya gaji. Ranar Juma'ar da ta wuce muna zaune da hantsi, Hauwa ta dafa hannunta cikin sawun tafin Garba, ta goga, ta kai baki. Inna ta daɗe tana kallonta. Ta tashi ta ɗauko diga ta miƙo mini, ta nuna bakin ƙofa.

"Fara da nan."

Jirginsa ya ruɓe, tarunsa ya tsinke, yanzu ga tafin ma ya tafi. Abin da ya rage mini na Yaya Garba shi ne sanin inda laka ke taruwa, kuma da wannan sanin na fasa daɓensa. Allah ya jiƙansa. Gobe zan kai Hauwa a gwada jininta.