Ranar da Muka Kasa Rufe Waƙa a Umdurman

Shekarun baya, lokacin da duk jikina bai wuce murya da haƙora ba, mu uku a gidanmu na unguwar Kalakla muna da ƙungiyar waƙa: yayata babba, yayana mai bi mata, sai ni auta. Ba waƙar birni muke yi ba. Waƙoƙin gona ne, na tsinkar auduga, waɗanda kakarmu ta taho da su daga yankin Jazira, inda ta yi rabin rayuwarta a sunkuye cikin gonar wani. Habboba muke ce mata, kamar yadda kowa ke kiran kakarsa a nan.

Habboba ta koya mana komai, har da dokar gona. A gona waƙa ba ta da ƙarshe. Mai bayarwa ta bayar, a amsa mata, a koma farko, har sai wani ya gaji. Wanda ya fara yin shiru, sauran su kwatsa masa ihu, "Buhu!" Shi zai ɗauki buhun auduga zuwa wurin awo. Mu ba mu da auduga a Kalakla, sai tulin kwanuka, don haka wanda aka yi wa "Buhu" shi ke wanke-wanke. Akwai ranar da muka ja waƙa ɗaya har akuyar maƙwabta ta iya amshi.

Da haka muka fara zagaya bukukuwan unguwa. Yayata ta bayar, yayana ya riƙe ƙasa da muryarsa mai kama da injin raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, ni in haye sama. Tsofaffin da suka baro Jazira su yi ta share hawaye da gefen mayafi. Abin da ba mu taɓa lura da shi ba shi ne, ba mu taɓa rufe waƙa da kanmu ba. Kullum wani abu ke rufe mana: a ɗauke wuta, a kira salla, a shigo da abinci, ko mahaifiyata ta cire takalmi.

Ni da yayana wasa muka ɗauki abin. Yayata kuwa rayuwarta ce. Ta bar koyon ɗinki saboda waƙa, ta sha faɗa a gida har ta gaji da sha. Sai ga wani mutum mai ɗakin ɗaukar murya a Umdurman, wanda kuma ke tura mawaƙa manyan bukukuwa, ya ji mu a wani suna ya ce mu zo ya gwada mu. Yayata ta yi kwanaki ba ta cin yaji, ba ta shan ruwan sanyi, ba ta ma yi mana tsawa don kada muryarta ta ƙare. Gidanmu bai taɓa samun zaman lafiya irin na makon nan ba.

Ranar tafiya, a cikin mota ta yi ta mana huɗuba. "Kada ki yi dariya. Kai kuma kada ka sosa kai. Ku gaishe shi da kyau." Da muka zo gadar shiga Umdurman yayana ya hango sojoji, ya nutse cikin kujera har ya kusa shigewa ƙarƙashinta, don lokacin ana kwashe samari a hanya a kai su bautar soja. Ta ce, "Tashi, ya zol," wato kai mutumin nan, "wa zai ɗauke ka? Bindigar ta fi ka nauyi." Komai ta tuna ta faɗa, ban da abu ɗaya.

Ɗakin yana saman wani shagon kayan ƙamshi, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Mutumin, wanda muka yi ta kira Ustaz, ya zauna bayan gilashi da abin saurare a kunnuwansa. Ya ce, "Gajera nake so. Yanzu biki yana da lokacin tashi, 'yan sanda ba sa jiran amshi. Idan na ɗaga hannu, ku rufe."

Muka ce, "To, Ustaz."

Wallahi mun yi waƙa ranar nan. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Ustaz yana kaɗa kai, idonsa a lumshe. Can sai ya ɗaga hannu.

Na kalli yayana. Ya kalli yayata. Ita ta kalle mu duka. Muka koma farko.

Ta fara zaro mana ido tana nuna gilashi da haɓa. To amma mun san ta. Tsohuwar dabararta ce ta ja numfashi kamar za ta tsaya, kai ka yi shiru, ita ta ci gaba, ka wuni da soso a hannu. Na ce a raina, yau ba za ki same ni ba, Yaya. Ustaz ya ɗaga hannu biyu. Ya miƙe tsaye. Ya ƙwanƙwasa gilashi. Ya ja yatsa a maƙogwaronsa. Gumi yana zuba cikin idona, jijiyar wuyan yayana ta fito kamar igiyar shanya, mai kayan ƙamshi ya hauro ya ga ko lafiya, mu dai muna ta tsinkar auduga a gonar da babu ita.

Sai yayata ta rufe bakinta. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin haka ba. Kafin ƙwaƙwalwata ta ce uffan, ni da yayana mun riga mun kwatsa cikin makirufo:

"BUHU!"

Ustaz ya yi tsalle kamar kunama ta harbe shi, ya fizge abin kunnen ya jefar. Da ya dawo hayyacinsa ya leƙo ya ce, "Buhun me, ya jama'a?"

Yayata ta yi masa bayani da Larabci, da wata 'yar murya da ban san tana da ita ba. Mutumin kirki ne, ya ce to a sake, wannan karon duka mu tsaya tare. Sai yayana, da fuskarsa ta gaskiya, ya ɗaga yatsa ya ce, "Ustaz, idan muka tsaya tare, wa zai yi wanke-wanken?"

A kan matakala muka ƙarasa zaman, ni da yayana, muna atishawa saboda barkonon shagon ƙasa. Da yayata ta sauko ba ta kalle mu ba. Ta ce, "Ya ɗauke ni. Ni kaɗai."

A gida muka kai ƙara gaban Habboba. Ta saurara har ƙarshe, ta kurɓi shayinta, ta ce, "Wa ya fara shiru?" Aka nuna yayata. Ta ce, "To me ake jira?" Yayata ta wanke kwanukan nan da ƙarfin da har yau tukunyar miyarmu ba ta zama daidai a kan wuta. Tana gamawa ta sanar cewa ta kore mu. Ku ji fa. An kore ni daga ƙungiyar da nake kwana ɗaki ɗaya da shugabarta.

Har yanzu idan na tuna raina ɓaci yake yi. Shekara da shekaru ana koya maka cewa yin shiru abin kunya ne, rana ɗaya wani mutum ya ɗaga hannu a bayan gilashi a ce laifinka ne. Yayana ya haƙura, yana tuƙa raksha yana yi wa fasinjoji waƙa har su sauka kafin su iso. Yayata kuwa ta yi suna, tana da 'yan amshi biyu masu ladabi waɗanda ke tsayawa ko tari ta yi.

Ina zuwa bukukuwanta, in zauna cikin mata in naɗe hannu. Akwai wani wuri a waƙar da muryata ke hayewa saman tata, 'yan amshinta ba sa kaiwa can. Duk lokacin da aka zo wurin sai ta waiwaya hagunta, ta ga ba kowa, ta nemo ni cikin taro ta harare ni kamar ni na kori kaina. Ba ta ce in dawo ba. Ni ma ban tambaya ba.